Tsohon da Ba Ya Zuwa Kasuwa: Martani ga Mai Cewa Ƙauye Ya Tsira

Na karanta maƙalar da wani marubuci ya fitar kwanakin baya a kan lafiyar tsofaffi, wadda a cikinta ya yi wa likitoci wankin babban bargo game da abin da suke kira zubewar tsoka ta tsufa. A taƙaice, ra'ayinsa shi ne wannan ciwon 'yan birni ne da Turawa, masu wuni a kan kujera suna cin abincin gwangwani. Shi kuwa tsohon ƙauye, da ya tashi da fartanya a kafaɗa, yake cin gero da dawar da ya noma da hannunsa, babu ruwansa da wannan magana. A wajensa ramar da ake gani a jikin dattijon karkara ramar lafiya ce, jiki ne da aiki ya tace. Ya rufe da cewa idan kwana ya ƙare ya ƙare, don haka danganta mutuwar tsoho da kaurin cinyarsa shiga hurumin Ubangiji ne, kuma wata sabuwar dabara ce ta tatsar talaka da sunan magani.

Malam, rubutunka ya yi daɗin karatu, kuma na san abin da ya sa ya karɓu. Ya faɗa mana abin da muke son ji game da iyayenmu, ya kuma sauke wa mu da muke birni wani nauyi daga zuciya: tunda su Baba suna can suna shan iskar ƙauye da furar gero, ai lafiya lau suke. Wannan sassaucin shi ne abin da na fi jin tsoro a cikin maƙalar, domin mai karatunka zai rufe shafin ya rage abin da yake aikawa gida.

Hujjarka mafi ƙarfi, wadda ka fi jingina da ita, ita ce dattijon nan da ka ce kana gani duk ranar kasuwa, ya haura saba'in, ya tuƙo keke daga ƙauye da buhun gero a baya. Ban musa ba, akwai shi. Kowane gari yana da irinsa, har kwatance ake yi da shi. Tambayar da ba ka yi ba ita ce, ina sa'o'insa? Waɗanda aka yi musu kaciya tare, suka yi gayya tare, suka yi aure a shekara guda, ina suke? Da yawa suna maƙabarta. Wasu suna ɗakin baya a kan tabarma, rabon su da ƙofar gida tun damina waccan. Kasuwa tana nuna maka waɗanda ƙafarsu ta iya kawo su ne kawai, kuma wanda ya ƙirga lafiyar tsofaffin gari daga rumfar mai shayi ya ƙirga waɗanda suka tsira ne.

Ka shiga cikin gida ka kalli yadda ɗaya daga cikin sauran yake tashi idan an kira sallar La'asar. Zai fara jawo ƙafafunsa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya juya ya durƙusa a kan gwiwa, ya lalubi bango ko dirkar rumfa, ya tsaya a nan yana haki, sannan ya miƙe rabi da rabi. Ka dubi bayan hannunsa, wurin nan tsakanin babban yatsa da manuni da ya kamata ya cika da nama, za ka ga ya lotsa. Gefen goshinsa ya faɗa. Mazugin wandonsa ya yi masa tsawo, yana zagaya shi sau biyu. Ita kuwa tsohuwar da ta shekara hamsin tana daka da surfe da jan guga, yanzu butar alwala idan ta cika sai jika ya ɗaukar mata. Idan ka tambayi mutanen gidan me ke damunsu, amsa ɗaya ce: babu komai, tsufa ne kawai. Waɗannan mutane ba su taɓa zama a ofis ba, ba su san ɗanɗanon abincin gwangwani ba.

Za ka ce wannan labari ne, kowa yana da nasa. To ga abin da aka auna, kuma ba a Landan ba. A yankin Garu-Tempane da ke arewa maso gabashin Ghana, kusa da Bawku inda Hausa ke ci a kasuwa, mutane manoma ne na gero da dawa, da hannu suke noma, ƙasarsu da daminarsu irin tamu. Masu bincike daga Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan sun auna ƙarfin damƙar hannu na mutum 923 da suka kai shekara 50 zuwa sama, da wata 'yar na'ura da ake matsawa tana nuna ƙarfi a kilo, suka bi sawunsu har shekara biyu, suka wallafa sakamakon a 2015. Sun tarar ƙarfin yana raguwa da kusan kashi huɗu cikin goma na kilo kowace shekara ga maza, kashi uku cikin goma ga mata. Kuma masu ƙarfin damƙa sun fi tsira: kowane ƙarin kilo ɗaya yana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da wajen kashi 6 cikin 100. Waɗannan su ne ainihin mutanen da ka ce fartanya ta ba su kariya. A yankin Kiang ta Yamma a karkarar Gambiya ma, inda cibiyar binciken lafiya ta Keneba ta daɗe tana aiki, an auna tsoka da ƙashin manoma maza da mata, aka wallafa a 2018 cewa kusan ɗaya cikin kowane maza biyar ya faɗa cikin ma'aunin wannan larura.

Akwai kuma babban binciken da Jami'ar McMaster ta Kanada ta jagoranta, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2015. Ya ƙunshi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, masu arziki da matalauta, birni da ƙauye, har da Afirka ta Kudu da Zimbabwe. Duk raguwar kilo biyar a ƙarfin damƙa ta zo da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100, kuma wannan awo ya fi lambar sama ta awon hawan jini iya hasashen wanda zai riga mutuwa. Da masu binciken suka jera yankunan duniya, mutanen Turai da Arewacin Amurka ne suka fi ƙarfin damƙa, mutanen Afirka da Kudancin Asiya suna ƙasa. Girman jiki yana da hannu a wannan bambanci, amma ko ta ina aka juya shi, bai goyi bayan cewa su ne raunana mu ne ƙarfafa ba.

Me ya sa noma bai isa ba? Domin wani ɓangare na lalacewar daga jijiya yake farawa. Kowace tsoka tana da jijiyoyin da ke kawo mata umarni daga laka, kuma da shekaru suka ja, waɗannan jijiyoyi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, zaren tsokar da suke riƙe da shi ya motse. Tun daga wajen shekara 30 mutum yake fara asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, bayan 60 kuma gudun ya ƙaru. Ƙarfi ma ya fi nama saurin tafiya. Abin da ya fi muhimmanci ga muhawararmu shi ne, zaren tsoka iri biyu ne. Akwai mai juriya, wanda ke sa mutum ya wuni a duƙe yana firi ko maimai ba tare da ya gaji ba. Akwai mai zafin nama, wanda ke aiki a cikin ƙiftawar ido, lokacin da mutum zai zabura ya miƙe, ko ya tare kansa idan ya yi tuntuɓe. Tsufa na biyun yake fara ci. Shi ya sa za ka ga dattijo yana iya wuni a gona a hankali a hankali, amma ranar da santsi ya kwashe shi a bakin rijiya, ƙafar da za ta tare shi ba ta zuwa a kan lokaci.

Sannan shi noman da kake yabo, na wata nawa ne? Daga shuka zuwa girbi, wata huɗu ne ko biyar. Kuma lokacin da aiki ya fi tsanani, wato tsakiyar damina, shi ne lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba, shi ne kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Masu bincike a Keneba sun shekara da shekaru suna rubuta yadda nauyin manoma ke sauka a damina ya dawo da kaka. Matashi yana mayar da abin da ya zube. Jikin tsoho ya yi nauyin ji wajen gina tsoka: abincin da zai wadatar da saurayi, shi sai ya ci fiye da haka kafin jikinsa ya amsa. Aiki mai nauyi a kan ciki marar abin gina jiki yana cin tsoka ne. Kowace damina tana tafiya da wani abu, kaka ta dawo da rabi.

Nan ne na zo kan abincin da ka yi wa kirari. Ni ma ina son tuwon dawa da miyar kuka, amma a yi lissafi. Kwamitin masana da ya duba bukatar tsofaffi a 2013 ya ce mai shekara sama da 65 yana bukatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, marar lafiya kuma fiye da haka. Dattijo mai kilo 55 ke nan yana neman wajen giram 55 zuwa 66. Garin dawa ko na gero giram 100 yana ba da giram 10 ko 11 ne, kuma furotin ɗin hatsi yana da giɓi, sai an haɗa shi da wake ko gyaɗa ko nono yake cika. Tsohon da ya sha koko da safe, ya sha farau-farau da rana, ya ci malmala ɗaya da dare, da wuya ya wuce rabin bukatarsa. Idan garin kwaki ne ya maye gurbin tuwo, kamar yadda ya faru a gidaje da yawa da tsada ta yi tsanani, to kusan babu komai a ciki sai sitaci. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. A irin wannan hali abin da ake fara cirewa daga tukunya shi ne nama da kifi da wake.

Abin takaicin shi ne Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, kuma daga gonakin waɗannan tsofaffi yake fitowa. Amma wake kayan kuɗi ne, ana kai shi Dawanau, ana lodinsa zuwa kudu. Ƙwan zabi na sayarwa ne. Akuya ta ranar suna ce ko ranar da aka kwantar da wani a asibiti. Nonon da ake damun fura da shi ya ja baya a garuruwan da satar shanu ta kori makiyaya, musamman a Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda kuma dubban tsofaffi suka bar gonakinsu suka koma zaman gudun hijira, babu aikin babu abincin. Ko a gidan da ake yanka, ka duba bakin tsoho. Wanda turamensa suka zube ba ya iya tauna tsoka, sai ya tsotse romo ya miƙa wa jika naman, kowa ya ce Kaka akwai son yara. Ƙauyen da kake kwatantawa, mai ƙwarya cike da kindirmo a kowane gida, ya kamata ka faɗa mana shekarar da ka bar shi.

Akwai wani abu kuma da ya fi wuyar faɗa, domin daga ƙauna yake fitowa. Da zarar 'ya'ya sun kawo ƙarfi, magana ɗaya ce: Baba ka huta, ka yi naka. Abin kunya ne a ga mahaifin Alhaji wane da fartanya. A karɓe gonar, a karɓe keken, a shimfiɗa masa buzu a zaure, a kawo masa ruwan alwala har inda yake. Inna kuwa surukai sun karɓi daka da shara da girki, ta koma ɗaki. Idan miji ya rasu ta shiga takaba, a wasu gidajen sai a mayar da wata huɗu da kwana goma zaman wuri ɗaya, alhali babu abin da ya hana ta kai-komo a tsakar gidanta. Idan zazzaɓi ya kama tsoho, ko ya ji sauƙi sai a ce kada ya motsa, a yi ta ba shi kunu tsararo. A 2007 masu bincike a Jami'ar Arkansas ta Amurka sun kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya, 'yan wajen shekara 67, a kan gado na kwana goma kacal, ana ba su abinci isasshe. Da suka tashi, kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu ya tafi, ƙarfin miƙe gwiwa ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100. Masu lafiya ke nan, masu cin abinci. Ka auna tsohon da taifot ta kwantar sati uku a kan kunu. Mun sha jin ana cewa, tun da ya yi zazzaɓin nan bai ƙara komawa daidai ba. Zazzaɓin ya warke tuntuni, ƙafafun ne ba su dawo ba.

Ka tambaya cikin ba'a, wai ta yaya siririyar cinya za ta kashe mutum. Tsoka rumbun jiki ce. Idan ciwo mai tsanani ya zo, mutum ya kasa cin abinci, daga cikinta jiki ke ɗiban abin da zai yaƙi ƙwayar cuta da shi, ya haɗa rauni, ya riƙe hanta da jini. Mai cikakken rumbu yana fita daga jinyar a rame amma a raye, wanda nasa ya riga ya yi ƙasa kuwa jinyar ta fi shi tsawon rai. Ban da wannan, tari aikin tsoka ne, haɗiya ma haka. Tsohon da ba ya iya tari da ƙarfi majina tana kwanta masa a ƙirji, wanda haɗiyarsa ta yi rauni yana shaƙewa, kunu ya bi hanyar iska, sai ciwon huhu. Tsoka ce kuma ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci. Sai faɗuwa. Ko a ƙasashen da ake yi wa tsoho tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda suka karye a ƙugu ba sa cika shekara. A ƙauyen da ke da nisan awa uku daga asibitin ƙashi irin na Dala, abin da ake yi shi ne a kira mai ɗori, a ɗaure, a kwantar. Karayar wuyan ƙashin cinya ba ta jin karan ɗori. Wata biyu a kwance, gyambon kwanciya ya buɗe a baya, ƙirji ya cika, sai a wayi gari ana salati. A wajen zaman makoki za a ce ya yi fama da jinya. Babu wanda zai ambaci ranar da ya fara kasa tashi daga tsugunno.

Akwai inda nake tare da kai, kuma ba zan ɓoye ba. Ma'aunan da kwamitin masanan Turai kan zubewar tsoka ya sabunta a 2018, wato damƙar ƙasa da kilo 27 ga namiji da ƙasa da 16 ga mace, daga jikin Turawa aka ciro su. Mutanen Asiya kuwa sun kafa nasu kwamitin, sun fitar da nasu lambobin. A binciken Gambiya ma, adadin mata ya bambanta ƙwarai gwargwadon ma'aunin da aka ɗauka. Muna bukatar namu, wannan gaskiya ne. Amma rashin dacewar tsinken awo dalili ne na a gyara shi. Haka kuma duk binciken da na kawo a kan mutuwa alaƙa suke nunawa: wani lokaci raunin ne ke jawo ajali kusa, wani lokaci kuma wata cuta ce a ɓoye take cin naman tana kuma kashe mutumin. Sai dai ka lura wannan bai taimaki matsayinka ba ko kaɗan. Idan rama da rauni suna iya zama alamar tarin fuka, ko ciwon sukari, ko ciwon daji, ko ciwon zuciya, to wanda ya koya wa mutane su kira ta ramar lafiya ya rufe musu ƙofar asibiti. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma sai an kai tsohon tukuna, kuma ba a kai wanda aka riga aka yanke cewa tsufa ne ke damunsa.

Batun ajali kuwa, babu Musulmin da ke jayayya da kai. Amma kai da kanka, a wannan maƙalar, ka shawarci tsofaffin birni su rage gishiri su riƙa auna jini. Ban ga ka ce musu hakan shiga hurumin Ubangiji ba ne. Me ya sa riƙon sababi ya halatta ga mai fansho a Nasarawa GRA, ya zama rashin tawakkali ga manomi a ƙauye? Kuma ko mun ajiye maganar tsawon rai gefe, akwai yadda ake ƙarasa shi. Dattijon da ke iya zuwa bayan gida da ƙafarsa, ya yi tsarki da hannunsa, ya tsaya a sahu, da wanda sai surukarsa ta kawar da kai an ɗaga shi, kowane ɗa ya san wanne yake roƙa wa mahaifinsa.

Da abin ba ya juyuwa, da na bar ka da ra'ayinka, don babu amfanin tayar wa mutane hankali a kan abin da ba su da iko a kai. Amma yana juyuwa, kuma an nuna haka tun 1990. Wata likita mai suna Maria Fiatarone ta ɗauki tsofaffi goma a wani gidan kula da gajiyayyu a Boston, 'yan shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. A cikin tara da suka kammala, ƙarfin cinya ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, wato ya kusa ninkawa uku. Biyu daga cikinsu sun ajiye sanda. Da aka dakatar da atisayen na mako huɗu, kusan sulusin ƙarfin ya zube. A 1994 ta maimaita da mutum 100, ta raba su, wasu motsa jiki, wasu abin sha mai gina jiki, wasu duka biyun. Waɗanda aka ba abin sha kaɗai ba tare da motsi ba, ƙarfinsu bai ƙaru ba. Abinci da aiki tare suke tafiya, kuma aikin sai mai sa tsoka ta ji nauyi.

Babu ɗakin motsa jiki a ƙauye, kuma ba a bukatarsa. Tashi da zama daga kan benci ko turmin da aka kifar, sau goma, a huta, a sake, safe da yamma. Ɗaga dugadugai a tsaye ana dafe da bango. Ɗaukar jarkar ruwa da ba ta cika ba daga wannan kusurwa zuwa waccan, ana ƙara ruwan a hankali duk mako. Tafiya masallaci da ƙafa maimakon a goya shi a babur. Ita kanta salla, raka'a 17 na farilla a kullum, kowace da miƙewa daga ƙasa, ba ƙaramin aiki take yi wa cinya ba. Wanda ya gaza, shari'a ta yi masa sauƙi ya zauna, kuma babu mai hana shi. Amma ranar da Baba ya fara salla a zaune rana ce da ya kamata 'ya'yansa su tambayi dalili, ko gwiwa ce, ko jiri, ko ƙarfi ne ya tafi. A bar masa 'yar gayaunarsa ta bayan gida. A bar wa Inna akuyoyinta da tsinken tsintsiyarta.

Abincin ma yana nan kusa, kuma mai laushi ne, wanda ba ya neman haƙori. Wake busasshe giram 100 yana da furotin sama da giram 20, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura 30, ƙwai ɗaya giram 6. Alale, ƙosai, ɗanwake, faten wake, awara, kunun gyaɗa mai kauri, ƙuli-ƙulin da aka daka aka zuba a kwaɗon zogale, busasshen kifi da aka niƙa a miya, fura da nono na gaske, fara a inda ake cinta. A raba shi sau uku a yini, kada a tara wa dare. Wanda likita ya ce ƙodarsa ta taɓu shi ne kaɗai zai nemi shawara kafin ya ƙara. Ɗan da ke aika kuɗin magani duk wata, da zai ware wani abu ya ce wannan na wake da ƙwai ne na Baba shi kaɗai, ya kuma sa wanda zai tabbatar cikin Baba ya shiga, da ya fi.

Ganewa ma ba ta neman na'ura. Ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi yana iya sa tsoho ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar a kujera. Idan ya wuce daƙiƙa 15, akwai magana. Ya auna mita huɗu a ƙasa, idan tafiyar ta kai daƙiƙa biyar ko fiye, akwai magana. Tef ɗin tela a sha-raɓa, ƙasa da santimita 31 alama ce. Masu bincike na Jami'ar Tokyo da suka yi aiki a garin Kashiwa sun ma nuna cewa idan mutum ya zagaye sha-raɓarsa da manyan yatsunsa biyu da manunai biyu, ya ga zoben ya yi mata yawa, yana cikin masu haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gwajin kujera a cikin jagoran kula da tsofaffi da ta fitar a 2019 don ƙananan asibitoci. A Najeriya an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021, kuma asibitin koyarwa na Ibadan yana da cibiyar tsofaffi tun 2012. Abin da ya rage shi ne wannan ilimi ya sauko daga Abuja da Ibadan ya iso hannun ma'aikacin da ke ɗaura wa tsoho abin awon jini a ƙauye, ya ƙara masa minti biyu. Rubutu irin naka yana gaya wa wannan ma'aikaci cewa kada ya wahalar da kansa.

Saura zargin cewa ana son a sayar wa talaka magani. Har yau babu ƙwaya ko allura ɗaya da aka amince da ita a matsayin maganin zubewar tsoka, kuma babu kamfanin da zai ci riba daga turmi da alale. Masu sayarwa suna nan, amma ba inda ka nuna ba. Suna bayan mota da lasifika ranar kasuwa, da kwalaben maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfi. Suna cikin kemis ɗin da ke ɗaura wa duk tsohon da ya ce jikinsa ba ƙwari ledar ƙarin ruwa, wadda ruwa ce da gishiri ko sukari. Mafi muni, suna cikin haɗin ƙwayoyin ciwon gwiwa da ake ƙullawa a leda babu suna, waɗanda sau da yawa akwai deksametason ko firednisolon a ciki. Waɗannan suna kwantar da ciwo na ɗan lokaci, su kumbura fuska har a ce Baba ya murmure, alhali idan aka daɗe ana sha naman cinya da na ƙugu suke cinyewa, su rarake ƙashi, su tayar da sukari. Kasuwar waɗannan mutane tana ci ne a inda aka yarda cewa raunin tsoho ba shi da wani bayani. Idan kana neman wanda za ka kare talaka daga gare shi, Malam, ga su nan, kuma ban ga sunansu ko sau ɗaya a maƙalarka ba.